Ƙarfe ko Faiba: Gardamar Bodin A-kori-kura

Shekara goma sha huɗu masoyan Toyota Tundra a Amurka suka shafe suna jiran sabon samfuri. Wadda ta fito a 2007 aka yi ta yi wa kwaskwarima, yau a sake fitilu, gobe a sake fuska, amma ƙashin bayan motar yana nan yadda yake. Da kamfanin ya yaye wa sabuwar lulluɓi a watan Satumba na 2021, sai ga manyan abubuwa uku sun canja lokaci guda. An cire injin nan mai silinda takwas da mutane suka saba da rurinsa, an sa mai silinda shida da tobo biyu. An cire sifirin ɗin baya mai falle-falle, an sa mai murɗe irin na ƙananan motoci. Na uku, bodin da ake zuba kaya a ciki ya tashi daga ƙarfe ya koma faiba.

Kusan duk surutun ya tafi a kan injin. Ni kuwa na ukun ne ya tsaya mini a rai, domin duk wanda ya sayi a-kori-kura bayanta ya saya. Ba don bodin ba, da ƙaramar mota ya nema ya huta da shan mai.

Abin da nake kira faiba a nan ba irin robar bokiti ba ce da rana ke cinyewa a damina ɗaya. Zaren gilashi ne ake daddatsawa guntu-guntu, a cuɗa shi da wani danƙo na masana'anta da garin farar ƙasa, a murza ya zama shimfiɗa mai kauri kamar ƙullin burodi. Sai a bar shi ya kwana biyu ya yi danƙo, a yanka, a jera a cikin zubi na ƙarfe mai zafin da ya kai wajen digiri 150, a danne shi da inji mai ƙarfin gaske. Cikin 'yan mintoci ya daskare ya ɗauki siffar zubin, kuma daga nan ba ya sake narkewa ko an kara masa wuta, sai dai ya ƙone. Daɓen bodin da bangayensa da kumburin da ke rufe tayoyi duk suna fitowa a dunƙule, babu ɗinkin walda, babu lungun da ruwa zai kwanta ya fara ɓarna. A Tundra an tallafe shi daga ƙasa da sandunan alminiyam.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1953 Chevrolet ke gina jikin Corvette da zaren gilashi. A fagen a-kori-kura, Ford ta sa irin wannan bodi a Explorer Sport Trac ta 2001, Toyota ta sa shi a ƙanwar Tundra, wato Tacoma, daga samfurin 2005, Honda kuma ta fito da Ridgeline ɗinta ta farko da shi, har da wani akwati mai makulli a ƙarƙashin daɓen. Ke nan lokacin da abin ya iso Tundra, Tacoma ta riga ta yi shekara goma sha shida tana gwada shi a gonaki da wuraren gine-gine.

To me ya kai su ga gudun ƙarfe? Gishiri ne. A jihohin arewacin Amurka irin su Mishigan da Ohayo da Niyok, da zarar hunturu ya kama sai hukuma ta riƙa watsa gishiri a kan titi don ya narkar da ƙanƙara. Tayoyi su kwashi wannan ruwan gishiri su fesa shi a ƙarƙashin mota wata da watanni. Tsatsa dama ruwa da iska take buƙata, gishiri kuma ya zo ya ƙara mata sauri. Bodin ƙarfe fenti ne garkuwarsa, kuma a motar aiki fenti ba ya daɗewa: shebur ya karce nan, bulo ya ɓantare can. Masu motoci suka koma sayen shimfiɗar roba suna sakawa a ciki, sai ruwa da yashi suka riƙa shiga tsakanin robar da ƙarfen suna cin sa a ɓoye. Wasu suka koma fesa wani kauri mai kama da kwalta, wanda ya fi inganci amma da tsada. Bodin faiba ya zo ya ɗauke wa mai mota wannan ɗawainiya gaba ɗaya. Ba ya tsatsa, ba ya neman shimfiɗa, kuma ya fi ƙarfe sauƙin nauyi.

Sai dai an gudu ba a tsira ba. A 2016 Toyota ta amince da wani sulhu a kotu da ƙimarsa ta kai har dala biliyan 3.4, kan motoci kusan miliyan ɗaya da rabi da aka yi ƙarar cewa shasinsu na saurin tsatsa. A cikinsu akwai Tacoma ta 2005 zuwa 2010, wato ainihin motocin Toyota da suka fara zuwa da bodin da ba ya tsatsa. Mutum zai leƙa bayan motarsa ya gan shi garau, alhali ƙarfen da ke ɗauke da shi daga ƙasa yana rububewa. Wannan labari nake so mai karatu ya riƙe, za mu dawo kansa.

Sauran kamfanonin kowa ya kama tasa hanyar. Ford, wadda jerin motocinta na F suka fi kowace a-kori-kura kasuwa a Amurka tun 1977, ta mayar da jikin F-150 da bodinta alminiyam a samfurin 2015, ta ce ta rage wa motar nauyin da ya kai fam 700, sama da kilo 300 ke nan. Chevrolet ta mayar da martani a 2016 da wani talla da ya yi tashe: aka ɗago bulallukan kankare da katafila aka zazzage su daga sama a bodin Ford da na Silverado ɗinta, na alminiyam ya huhhuje, na ƙarfe ya lotsa kawai. Bayan shekara uku, General Motors, uwar Chevrolet ɗin, ta fito da bodin zaren kabon a GMC Sierra, wanda ta ce ya fi na ƙarfe sauƙi da kusan kilo 28. Duk wannan tsere na rage nauyi yana da alaƙa da dokokin ƙasar na taƙaita shan mai, kuma kowane kilo da aka cire daga jikin mota kilo ne da za a iya ƙarawa a kaya.

Tallan bulallukan ya taɓo wani abu na gaskiya, ko da yake don ciniki aka yi shi. Ƙarfe idan ya sha duka sai ya ba da kai, ya lotsa, ya shanye ƙarfin dukan a jikinsa. Faiba ba ta san lotsewa ba. Ƙaramin duka da matsakaici sai ta ɗan lanƙwashe ta dawo daidai kamar ba a taɓa ta ba, shi ya sa bodin Tacoma mai shekara goma yakan fi na ƙarfe kyan gani. Amma idan dukan ya wuce iyakarta, musamman daga abu mai tsini, sai ta tsage. Tsagar kuma ba a yi mata walda. Hasali ma danƙon faiba na yau da kullum, wanda ake liƙe bamba da kwale-kwale da shi, ba ya kama ta da kyau, saboda akwai wani sinadari mai santsi da ake cuɗawa a cikinta tun daga masana'anta don ta fita daga zubi ba tare da mannewa ba. Sai an kankare wurin sosai an samo gam na musamman. In ɓarnar ta yi yawa, a Amurka sai a kwance bodin a sa wani, inshora ta biya.

A nan ne maganar ta shafe mu, domin Tacoma da Tundra na hannu suna shigowa ta Legas da Kwatano, suna zama kafaɗa da kafaɗa da Hilux, wadda ba a sayar da ita a Amurka amma ita ce sarauniyar hanyoyinmu, kuma bodinta ƙarfe ne. Kafin Hilux ta mamaye gari, Fijo 404 da 504 ne suka raini kasuwannin ƙauye, ga masana'antar haɗa su da aka buɗe a Kaduna a 1975. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Dawanau ranar da kaya suka sauka ya ga yadda muke yi da a-kori-kura. Motar da aka ƙera don ta ɗauki tan guda, buhu goma ke nan, sai a ɗora mata abin da ya ninka haka, a ɗaure da igiya, yaran mota su hau sama. Kafin ma ta fara aiki an kai ta wajen mai walda ya kafa mata keji a gefe da gefe, ya ƙara ƙugiyoyin ɗaure kaya, wani ma ya shimfiɗa mata faranti a daɓe.

Na taɓa zama a wani gareji a Kano ina jiran a gama mini aiki, na ga wani dattijon fanel-bita yana gyaran bodin Hilux da tirela ta goga. Ya hura wuta a wurin har ya yi ja, ya sa dungu ta ciki, yana bugawa da guduma ta waje a hankali, yana shafawa da tafin hannu yana jin inda ya saura. Kafin la'asar bangon da ya shige ciki ya miƙe. Kusa da shi akwai wata Tacoma da janareta ya faɗo mata ya tsaga daɓe kusa da ƙyauren baya. Dattijon ya ƙwanƙwasa wurin da ɗan yatsa, ya saurari ƙarar, ya gaya wa mai ita cewa wannan ba aikin wuta ba ne, ba kuma aikin guduma ba. Abin da aka yi a ƙarshe shi ne aka huda, aka ɗaure tsagar da faranti sama da ƙasa da kusoshi. Ya riƙe, amma kowace huda sabuwar ƙofar tsagewa ce.

Ba na so a ɗauka faiba ba ta da wurin zama a ƙasarmu. Manomin da ke jigilar takin zamani ya san yadda yuriya ke cin ƙarfe, mai ɗaukar awaki da tumaki ya san abin da fitsarinsu ke yi wa daɓe, haka mai kifi da ƙanƙara, haka wanda motarsa ke zaune a Legas ko Fatakwal cikin iskar teku. Waɗannan duk faiba za ta yi musu rana. Kuma a zafin Afrilu, bodin ƙarfe yakan gasa ƙafar dabba da ta mutum fiye da na faiba. Laifin da masu Tacoma suka fi kuka da shi santsi ne, kaya na zamewa in an taka birki, tabarmar roba kuwa tana maganin wannan.

Amma in aka tambaye ni ra'ayina game da motar da za ta ci abincinta tsakanin Dawanau da Maraɗi, ko ta riƙa ɗaukar rodi da injin ban-ruwa a hanyar da ba kwalta, ƙarfe zan zaɓa ba tare da jinkiri ba. Iskarmu ta arewa busasshiya ce yawancin shekara, ba ma watsa gishiri a titi, saboda haka cutar da aka ƙirƙiro faiba don ta warkar ba ita ke kashe motocinmu ba. Lodi ke kashe su, da ramuka, da karo. Waɗannan kuwa akwai mai maganinsu a kowace tasha, da tukunyar gas ɗinsa da gudumarsa.

Wanda kuma ya riga ya ƙyalla ido a kan Tacoma ko Tundra 'yar Kwatano, kada kyan bodin ya ruɗe shi, don ba ya nuna shekaru. Ya tuna da labarin tsatsar shasi, ya nemi sanin jihar da motar ta zauna a Amurka. Ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashinta da tocila da ƙaramar guduma, ya bi shasin yana ƙwanƙwasawa, musamman wajen da sifirin ɗin baya ya kama da wajen da ake rataye safaya. In ya ga sabon baƙin fenti mai kauri a wurin, ya sa sukuddireba ya karce ya ga abin da ke ƙarƙashi. Daga nan ya hau bodin, ya duba kewayen kowane noti da ya ɗaure shi da shasi, ko akwai siririyar tsaga da ta fara tafiya.