Yadda Faɗuwar Farashin Mai Ta Girgiza Zaman Jama'a da Siyasar Nijeriya, 1981 Zuwa 1989

Taɓarɓarewar tattalin arzikin da Nijeriya ta faɗa ciki tun daga shekarar 1981 ta bar darasi guda wanda ya kamata kowane ɗan kasuwa ya riƙe: idan samun jama'a ya karye, ciniki ne ke fara mutuwa, sa'an nan zaman lafiya, daga bisani kuma gwamnati kanta ta soma tangal-tangal.

Tushen matsalar dai shi ne dogaro da man fetur, wanda ke samar wa ƙasar fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗaɗen musayar ƙasashen waje. A 1980 ana sayar da ganga guda a kan kusan dalar Amurka 40, amma da mai ya yi kwantai a kasuwannin duniya sai farashin ya riƙa gangarowa, har ya faɗi ƙasa da dala 10 a tsakiyar 1986. Tun da yake masana'antun Bompai da Sharaɗa a Kano, da masaƙun Kaduna, da kamfanonin Ikeja suna dogara ne ga kayan sarrafawa da na gyaran injuna daga waje, ƙarancin dala ya tilasta musu rage aiki da sallamar ma'aikata.

A watan Afrilu na 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu, wadda ta taƙaita shigo da kaya. Daga nan lasisin shigo da kaya ya zama haja mai tsada a hannun masu uwa a gindin murhu, shinkafa da madara da sabulu suka yi wuyar samu, malaman makaranta kuma a jihohi da dama suka shafe watanni ba albashi.

Baƙi ne suka fara ɗanɗana kuɗarsu. A watan Janairu na 1983 gwamnati ta umarci waɗanda ba su da takardun zama su bar ƙasar, inda kimanin mutum miliyan ɗaya 'yan Ghana suka fice, tare da 'yan Nijar da Chadi da Kamaru masu yawa. Har ila yau, masana da dama sun danganta sake ɓarkewar rikicin Maitatsine a Bulumkutu a 1982, da Jimeta a 1984, da Gombe a 1985 da yawaitar matasa marasa abin yi a birane.

Ta fuskar siyasa kuwa, watanni uku kacal bayan sake rantsar da Shagari, sojoji suka hamɓarar da shi ranar 31 ga Disamba, 1983, suna kafa hujja da lalacewar tattalin arziki da cin hanci. Gwamnatin Manjo-Janar Muhammadu Buhari ta canza launin takardun kuɗi a Afrilun 1984, ta rufe kan iyakoki, ta kuma rage ma'aikata, amma jerin gwanon neman kayan masarufi bai gushe ba. Ita ma an kawar da ita ranar 27 ga Agusta, 1985.

Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta buɗe muhawara a kan karɓar bashin Asusun ba da Lamuni na Duniya, jama'a suka ƙi amincewa, aka kuma janye batun a Disamban 1985. Duk da haka, shirin gyaran tattalin arziki na SAP da aka ƙaddamar a tsakiyar 1986 ya ƙunshi yawancin sharuɗɗan asusun. Naira, wadda ta ɗara dala daraja a 1985, ta koma kusan huɗu a kan dala ɗaya a 1987, sa'an nan fiye da bakwai a 1989.

Abin lura a nan shi ne, nauyin bai hau kan kowa daidai ba. Manoman koko sun ga alheri bayan rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, bankuna kuma suka yawaita saboda ribar cinikin dala. Amma mai ɗaukar albashi, wanda shi ne babban mai sayen kayan kanti, ya wayi gari kuɗinsa ba sa kai shi ƙarshen wata. Malamai da ma'aikatan ofis suka koma kabu-kabu da motocinsu, gwanjo ya maye gurbin sabon tufafi, likitoci da malaman jami'a masu yawa suka tafi Saudiyya da Ingila da Amurka neman abin kai wa bakin salati.

Fushin wannan rukuni ne ya fito fili. A Afrilun 1988 ƙarin kuɗin mai daga kwabo 39 da rabi zuwa kwabo 42 a kan lita ya haddasa tarzoma a Jos da yajin aiki a wasu garuruwa, a shekarar da gwamnati ta rushe shugabancin Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, ta kuma haramta ƙungiyar malaman jami'o'i. A watan Mayu na 1989 zanga-zangar ƙin jinin SAP ta tashi daga Jami'ar Benin ta bazu zuwa Legas da wasu birane, aka yi asarar rayuka, aka rufe jami'o'i. Sai bayan haka ne aka fito da matakan sassauci, ciki har da kafa Bankin Jama'a a Oktoban wannan shekara.

Saboda haka, ɗan kasuwar da ke son hango inda al'amura suka dosa, bai kamata ya tsaya ga farashin dala kaɗai ba. Ya dubi ko ana biyan albashi a kan kari, da kuma mudun hatsi nawa albashin ke iya saye.