Na Goma Sha Biyu a Hoton Manchester United

 Yau za mu leƙa Turai ne, mu ji labarin masu sojan gona a manyan filayen wasa.

Ranar 18 ga watan Afrilun 2001, Manchester United ta sauka a birnin Munich na ƙasar Jamus domin karawa da Bayern a wasan kwata-fainal na Kofin Zakarun Turai. Kafin a take ƙwallo, 'yan wasa suka jera don ɗaukar hoto kamar yadda aka saba. Da hoton ya fito, sai aka ƙirga mutum 12.

Na goma sha biyun yana tsaye a gefe, kusa da Andy Cole, sanye da farar riga irin tasu, ya banƙaro ƙirji kamar shi ya fi kowa albashi. Kyaftin Roy Keane kuwa ya juyo yana hararsa. Sunan mutumin Karl Power, ɗan unguwar Droylsden da ke gefen Manchester, kuma ko a benci bai taɓa zama wa ƙungiyar ba.

Ta yaya ya shiga? Shi da abokinsa Tommy Dunn sajewa suka yi da 'yan jarida har bakin fili, kayan wasan na ɓoye ƙarƙashin tufafinsa. Da lokaci ya yi, ya tuɓe na sama, ya tako a natse. Wannan natsuwar, a ganina, ita ce rabin aikin. Mai gadin ƙofa yana tantance dubban mutane cikin ɗan lokaci. Ba fuska yake karantawa ba, riga yake dubawa da irin takun mai ita. Wanda ya ruga da gudu, nan take za a danne shi. Wanda ya zo yana tafiyar masu gida, wa zai ce masa "malam, ina zuwa?", alhali ƙila babban ɗan wasa ne?

[KIƊA]

Abin mamaki, wannan fili na Munich ya taɓa ganin irin haka. A wasannin Olamfik na 1972, ɗan Amurka Frank Shorter ne ke kan gaba a gudun famfalaki na kilomita 42, ya ba sauran rata mai yawa. Dab da isowarsa, wani ɗalibi Bajamushe, Norbert Sudhaus, ya faɗo hanya cikin kayan gudu, ya riga shi shiga filin. 'Yan kallo suka miƙe da tafi. Kafin Shorter ya shigo, asiri ya tonu, tafi ya koma ihu da fito. Ku auna halin bawan Allah: ya yi gudun fiye da awa biyu, ya zo karɓar yabo, ya tarar da ihun da bai san dalilinsa ba. Zinaren dai nasa ne, amma tarbar da ta cancance shi wani ya kwashe.

A nan ne dariya ke tsaya mini. Kwana biyar kacal kafin wannan tsere, wasu 'yan bindiga sun haura katangar masaukin 'yan wasa a birnin, harin da ya ci rayukan mutum 11 na tawagar Isra'ila. Su ma cikin kayan motsa jiki suka shiga. Ke nan ana cikin makoki, tsaro ya ƙaru, amma riga ta sake buɗe ƙofa.

[KIƊA]

A Faransa ma an yi. Shekarar 2002, Lorient ta doke Bastia da ci ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe na kofin ƙasar. Rémi Gaillard, wani mai barkwanci, ya zura rigar Lorient ya shige cikin masu murna, ya hau wurin karɓar kofi, ya yi musabaha da Shugaba Jacques Chirac, har yana sa wa magoya baya hannu a takarda.

Shi kuwa Karl Power, abin ya zame masa jiki. A 2001 ɗin ya fito filin kurket na Headingley cikin shigar ɗan wasan Ingila. A 2002 ya buga tanis a babban filin Wimbledon, ya kuma hau dandamalin zakarun tseren mota a Silverstone. Dubunsa ta cika a gida ne. A 2003, ranar wasa da Liverpool, shi da abokansa suka shiga Old Trafford suka kwaikwayi ƙwallon da Diego Forlán ya ci Liverpool ɗin, don tsokanar baƙi. United ta haramta masa shiga filin har abada, ga shi kuwa ita yake goyon baya.

Nan za mu dasa aya a shirin na yau. A huta lafiya.