Bindigar Bayan Ƙyaure

Duk wanda ke zama a rumfar mai shayi a Ajekoriya, ko ranar kasuwa a Kornaka da Sabon Mashi, ya san inda hira ke karkata da zarar an taɓo maganar tsaro. Labarin daga kudu yake zuwa, daga ƙauyukan Madarunfa da Gidan Runji da ke bakin iyaka, inda ɓarayin daji ke kore shanu su kuma tafi da mutane sai an biya fansa. Tun 2019 dubban mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallako jihar Maraɗi, har aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai ba laifi ka shafa wa naka ruwa. To amma a irin wannan hira ba a rasa wanda zai buga cinya ya ce, "Ni dai bindiga zan nema in aje bayan ƙyaure." Da wannan mutumin nake son magana, kuma ba da raini ba, don tsoron da ya sa shi faɗin haka na gaskiya ne.

Bindigar da yake nufi ta farauta ce. Akwai adaka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, akwai kuma ta kanti da ake kira kalibar 12, wadda ake karyawa a tsakiya a zura mata harsashi, mai baki ɗaya ko biyu, irin su Baikal ta ƙasar Rasha da ta cika hannun mafarautan Afirka ta Yamma. Harsashinta kwanso ne cike da ƙwayoyin dalma. Na harbin zabo ɗaruruwa ne ƙanana kamar gero, na babban nama kuwa ƙwaya tara ne ko kusa da haka, kowace ta kai girman gujiya. In aka harba, ƙwayoyin kan fita a dunƙule sannan su bazu yayin da suke nisa. Bayan mita 40 zuwa 50 ba ta da tabbas ga abin da aka auna, amma har yanzu tana iya fasa idon wanda ba a auna ba.

Sai mu aza ta kusa da abin da ɓarayin daji ke riƙewa. Kalashnikof na cin harsashi 30, tana kai wa mutum daga mita 300, kuma masu ita ba ɗaiɗai suke zuwa ba, a kan babura suke zuwa, biyu-biyu ko uku-uku. Mai baki ɗaya in ya harba sau ɗaya, sai ya karya bindiga, ya zare kwanso, ya laluba aljihu cikin duhu hannu na rawa, alhali walƙiyar harbin ta riga ta nuna inda yake tsaye. Ranar 2 ga Nuwamban 2021 magajin garin Banibangu ya fita da 'yan sintirin garinsa, aka yi musu kwanton ɓauna a Adabdab, mutum 69 suka rasu har da shi. Ba ƙarancin zuciya ne ya kashe su ba. Wanda duk ya ce maka bindigar farauta za ta tare wa gidanka irin waɗannan mutane, ko dai bai taɓa jin ƙarar ɗayar ba, ko kuwa yana da wadda yake son sayar maka. Ƙari a kan haka, bindiga kanta kaya ce da ɓarawo ke nema, kuma gidan da aka san da ita shi ake fara yi wa dirar mikiya.

Inda take da ɗan amfani shi ne ɓarawon turke, mai zuwa shi kaɗai ya kwance akuya ko rago, da dila mai shiga kaji. Ko a nan ma, yawanci ƙararta ce ke aikin.

Kafin ƙarfe, takarda. A Nijar mallakar bindiga sai da izinin hukuma, tsarin da ke tafiya tun dokar 1963, kuma ma'aikatar cikin gida ke da alhakinsa. Mutumin Ajekoriya zai fara ne daga ofishin prefe a Dakoro, ya ji abin da ake bukata. Izinin na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya. Ba a ara, kuma in mai shi ya rasu ba ya bin gado kamar gona, sai magaji ya nemi nasa. Riƙe ta ba takarda laifi ne mai kai mutum gidan kaso, ko da bai taɓa harba ta ba. Mai sayen bindiga da dare a hannun wanda bai sani ba kuwa, ya saye ta har da tarihinta: in an taɓa kashe rai da ita, a ɗakinsa za a same ta, shi zai yi bayani gaban jandarma. Ƙasar nan ta daɗe tana fama da wannan, shi ya sa tun 1994 aka kafa hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, kuma ranar 25 ga Satumban 2000 aka tara bindigogi sama da 1,000 a Agadas aka cinna musu wuta a gaban jama'a.

Doka ta yarda mutum ya kare ransa da na iyalinsa, musamman ga wanda ya hauro masa gida da dare. Sai dai alƙali zai yi tambayoyin da ba a tunawa da su lokacin fushi. Yana fuskantarka ne ko ya juya baya yana gudu? A cikin gida yake ko ka bi shi har bayan gari? Ranka ya nema ko akuya? Wanda ya harbi yaro a baya saboda dami ɗaya na hatsi ba zai samu mafaka a kalmar kare kai ba, a kotu ko a wajen malamai.

Yanzu ga abin da na fi so mai gida ya tsaya a kansa, wato gidan kansa. Littattafan koyon harbi na Turawa suna ta lissafin bangon bulo da na katako. Mu gidajenmu na karkara darni ne da zana, wani ɗakin ma na kara ne, kuma ƙwayar dalma na ratsa waɗannan kamar babu su. Bangon ƙasa mai kauri yana tarewa, amma taga da ƙyauren langa-langa ba sa tarewa. Saboda haka da rana tsaka, ba bindiga a hannu, ka tsaya a ƙofar ɗakinka ka miƙa hannu wajen turke. Me ke bayan turken? Ɗakin amarya ne, ko tabarmar da maƙwabcinka ke shimfiɗawa? Ka juya wajen zaure, ka juya wajen rumbu, ka yi wa kanka wannan tambaya. Sannan ka tuna da bazara, lokacin da zafi ke fitar da kowa tsakar gida, yara a baje ko'ina, wani ya mirgina har gindin darni. A gidaje da yawa, in mutum ya yi wannan lissafi tsakani da Allah, zai tarar babu kusurwa ko ɗaya da zai harba ba tare da wani nasa a bayanta ba.

Sai kuma masu motsin dare. In ka ƙirga waɗanda ke taɓa ƙyaurenka bayan isha a shekara guda, ɓarawo ne mafi ƙaranci a cikinsu. Akwai ɗanka da ya daɗe a fada yana shan shayi, ya hauro ta baya don kada ka ji shigowarsa. Akwai uwargida da ta fita kewaye, da tsohuwa mai rikicin tsufa, da maƙwabcin da jakinsa ya tsinke, da wanda matarsa ke naƙuda ya zo aron amalanke. Dukansu a duhu inuwa ce mai motsi. Don haka tocila ke gaba da kunamar bindiga, murya kuma ke gaba da tocila. "Wane ne nan?" sau biyu, da ƙarfi, daga bayan bango. Wanda bai ga fuska ba bai san wa zai harba ba, kuma yatsa ba ya hawa kunama sai an gama wannan duka. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a nuna wa ɗan'uwa makami ko da wasa, kuma masu koyar da harbi a duniya duka a kan haka suka tsaya: kowace bindiga a ɗauke ta a ɗure take, bakinta kuma kada ya kalli abin da ba ka son rasawa.

Ajiya ita ce inda ake gardama. Ƙa'ida ita ce a aje ta ba harsashi a ciki, cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, harsasai a wani wuri daban su ma a kulle, mabuɗi a jikin mai gida. Na san amsar: "To in ɓarawo ya zo sai in tsaya neman mabuɗi?" Ɓarawo ƙila ya zo sau ɗaya a shekaru, ƙila ma bai zo ba. Yaro ɗan shekara tara kuwa kullum yana gidan, ya san ƙarƙashin katifa, ya san saman rufi, kuma yana da abokin da yake son burgewa. A Amurka, inda bindiga ta fi ko'ina yawa a gidaje, binciken da likita Arthur Kellermann ya fitar a 1993 ya nuna haɗarin kisan kai a gidan da ke da bindiga ya kusa ninka na wanda babu sau uku, kuma yawanci a hannun ɗan gida ko na kusa. Amurka ba Dakoro ba ce, amma fushi ɗaya ne. Rikicin gado, rikicin iyakar gona, saurayin da aka hana wa yarinya, mutumin da bashi ya sha wa kai har ya fara maganar barin duniya: duk abin da a da zai ƙare da zagi ko sanda, in akwai ɗurarriyar bindiga kusa, sai ya ƙare da likkafani. Minti biyun neman mabuɗi sau da yawa su ke bai wa zuciya damar sauka.

Wannan ya fi shafar ƙasar Dakoro, inda gona da makiyaya ke goga kafaɗa, kusa da iyakar noma da dokar 1961 ta shata. Kowace kaka, kafin a saki gonaki, akwai ɓarna, akwai zafin rai. Manya ba su manta da Toda ba, a Oktoban 1991, inda rigimar manoma da makiyaya ta ci rayuka sama da 100, yawancinsu mata da yara. Ɓarnar gona tana da hanyarta: mai gari, ardo, sarki, da kwamitin filaye na Kofo. Bindigar da aka saya don ɓarawo, ranar da ta bi mai ita gona, ta zama wata aba daban.

Ita kanta bindigar tana bukatar kulawa, don tana iya cin mai ita. Zanzaro na son bakin bindigar da aka jingine, ya yi ɗakinsa na laka a ciki, kuma bututun da ya toshe in aka harba fashewa yake a fuska. A karya ta, a tabbatar ba komai a ciki, sannan a duba hasken bututun ta baya. Ƙurar hunturu na cushe kunama, damina na kawo tsatsa ta kuma kumbura kwanso, gara na cin ƙota. In ka ja kunama ba ta tashi ba, kada ka juyo da ita ka leƙa. Riƙe bakinta wajen da ba kowa, ka ƙirga 30 a hankali, don wani harsashin jinkiri yake yi. Kada a hau babur ko a tsallake darni da ita a ɗure. Ta maƙera kuwa, wadda ba a gwada ƙarfin bututunta ba, ta raba mafarauta da yawa da yatsunsu. In tsautsayi ya auku, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a nufi likita nan take, kada a tsaya tonon dalma da wuƙa. Ƙananan hudojin na ruɗi, jini na iya zuba a ciki mutum yana magana.

Maƙwabtanmu sun gwada hanyar kowa ya nemi tasa bindigar. Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi wannan kira a 2021, gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta maimaita a Yunin 2022, babban hafsan tsaron Najeriya na lokacin, Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Kafin nan 'yan sa kai sun riga sun nuna yadda kare kai ke rikiɗewa ya zama ramuwar gayya a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Daga baya, a Oktoban 2023, Katsina ta koma ga rundunar tsaron al'umma mai horo da rajista.

Kuɗin bindiga da harsasanta sun isa su sayi ƙyauren ƙarfe, fitilar sola a kan turke, da tocila mai ƙarfi, a ciyar da kare, a kuma bar salula da caji da lambar jandarmomi a ciki. Unguwar da ta yi shawara kan wa zai kira wa, da inda mata da yara za su nufa, ta yi shirin da ake yi tun kafin ranar, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda kuma yake da tsohuwar bindiga a gida ba takarda, ta gado ko ta tsintuwa, kada ya saɓa ta a kafaɗa ya kama hanyar Dakoro shi kaɗai, don a shingen farko za a ɗauke shi mai laifi. Ya bar ta a kulle inda take, ya je wurin mai gari tukuna, su sanar da jandarmomi tare, su ne za su faɗi yadda za a kai ta ko su zo su ɗauka.