Albasar Aliero Ta Isa Ta Riƙe Faranti Ita Kaɗai

Duk wanda ya bi hanyar Jega zuwa Aliero a tsakiyar hunturu zai ji ƙanshin albasa kafin ya ga buhunanta. Lokacin ne manoman rani na Aliero da Maiyama da garuruwa irin su Birnin Malam suke fara cire amfaninsu, manyan motoci kuma su yi layi suna lodi zuwa Legas da sauran biranen kudu. Idan kaya ya yi yawa farashi ya faɗi, wani lokacin ma albasar ta ruɓe a hannun mai ita. Amma a gidajen da suka noma ta, har yau matsayinta bai wuce na mataimakiya ba: a yanka ta a miya, ko a barbaɗa ta a kan tsire. Akwai wani girki na Faransawa da zai iya ɗaga darajarta a tukwanenmu.

A garin Lamotte-Beuvron, kudu da birnin Faris, an yi wasu 'yan'uwa mata biyu, Stéphanie da Caroline Tatin, masu riƙe da otal a ƙarshen ƙarni na 19. Da sunan gidansu ake kiran wani abin zaƙi da ake ci bayan abinci, wato tarte Tatin. Ana dafa tuffa a cikin man shanu da sukari har ta yi ja, a rufe ta da kwaɓin fulawa, a gasa, sannan a kife kaskon a faranti yadda tuffar za ta dawo sama. Daga baya masu girki suka ga cewa wannan dabara ba ta tuffa kaɗai ba ce. Suka cire tuffar suka sa albasa, suka rage sukari suka ƙara gishiri, sai abin maƙulashe ya koma abincin dare na lokacin sanyi.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan sauyi. Masar shinkafar da Kabawa suka iya, da safe a ci ta da sukari ko zuma, da rana a ci ta da miyar taushe. Haka funkaso yake. Kwaɓin ɗaya ne, mahaɗin ne ke canzawa.

Masu magana sun ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, kuma duk macen da ta taɓa yanka ta shaida ce. Da zarar wuƙa ta farfasa ƙwayoyin jikinta, sai wasu sinadarai masu farar wuta su haɗu su tashi kamar iska, su taɓa ido, hawaye ya zubo. A shekarar 2002 ne masana a Japan suka gano takamaiman sinadarin da ke haddasa wannan. To amma a ƙarƙashin wannan yajin akwai sukari a ɓoye. Kusan kashi 89 cikin ɗari na albasa ruwa ne, kuma mafi yawan abin da ya saura dangin sukari ne. Zafi yana kashe sinadarin da ke sa hawaye, ya kori yajin, zaƙin ya bayyana.

Ja da ƙanshi kuwa ba sa zuwa sai ruwan ya ƙone. Muddin da ruwa a kasko, zafinsa ba zai wuce digiri 100 ba, shi kuma wannan launi yana buƙatar abin da ya fi haka. Idan ruwan ya tafi, sukarin da sinadaran gina jiki sai su haɗu su haifar da launin ƙasa-ƙasa da ƙanshi mai jan hankali. Wani masani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ya bayyana wannan a 1912, kuma shi ne sirrin ɓawon gurasa da bayan tsire. Saboda haka mai gaggawa ba ta cin moriyar albasa. Idan wuta ta yi yawa, waje ya ƙone ya yi ɗaci alhali ciki bai nuna ba.

Ga yadda za a yi a gida. A samu manyan albasa biyar ko shida, a raba kowace biyu, a jera su a kasko mai kauri fuskar yankan tana ƙasa, da man shanu cokali uku da gishiri. A rufe, a bar su a wuta 'yar kaɗan kamar minti arba'in, a buɗe a ƙarshe don ruwan ya tsane. A zuba masoro da citta da ɗan ruwan tsamiya, domin tsami ne ke karya zaƙin kada ya ginshi mai ci. Wadda ke son ɗanɗanon gida ta ƙara ɗan garin daddawa. Sai a murza fulawa kofi biyu da man shanu da gishiri, a yayyafa ruwan sanyi, a kwaɓa ba tare da an wahalar da kwaɓin ba. Sanyin hunturu taimako ne a nan, don man ba ya saurin narkewa a hannu, kuma hakan ne ke sa ɓawon ya yi garas-garas. A shimfiɗa shi a kan albasar, a cusa gefensa ciki, a huda shi da cokali mai yatsu, sannan a gasa.

Rashin na'urar gashi ba hujja ba ce. A ɗora faifan ƙarfe a bakin kaskon, a zuba garwashi a samansa, a bar kaɗan a ƙasa, har kwaɓin ya yi ja. A sauke a jira minti biyar, a ɗora faranti, a kife da hanzari ana kare hannu da tsumma. A barbaɗa dambun nama ko dakakken kilishi, a ci da shayi mai zafi bayan sallar isha'i.

Wannan girki ba zai magance faɗuwar farashi ba; wannan aikin rumbunan ajiya ne da masana'antun sarrafa albasa, kuma yankin da ke da jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero ya cancanci samun su. Amma daraja daga gida take farawa. Uwargida, a hunturun bana, ki ware albasa shida daga buhun maigida, ki ba su wuta kaɗan da haƙuri mai yawa, ki sa su a tsakiyar faranti.