Ruwa na Goronyo, takarda na hannu, gwani babu

Wanda ya bi kwarin Rima da rani, daga Goronyo ya gangaro Wurno, ya san abin da ke riƙe da mutanen nan: albasa, tafarnuwa da shinkafa, sai ruwan da ake ba su. Madatsar Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984, tana ɗaukar ruwa fiye da kubik mita miliyan 900, kuma Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce ke kula da ita. Irin wannan aiki yana neman wanda ya iya auna ruwa, ya gyara ƙofar madatsa da injin ban ruwa, ya gane gonar da gishiri ya fara ci. Ambaliyar 2010, wadda ta ɓarke madatsar Lugu a ƙasar Wurno, ta nuna irin asarar da manomi ke yi idan ruwa ya fi ƙarfin masu kula da shi.

Amma je ka sakatariyar ƙaramar hukuma ranar da aka ji ƙishin-ƙishin ɗaukar ma'aikata. Samari da 'yan mata cike da harabar, kowa da digirinsa, mafi yawansu kujerar ofis suke nema. Asibitin ƙauye kuwa ungozoma yake jira, makaranta na jiran malamin lissafi, makiyayi na cigiyar malamin dabbobi.

Ban ga laifin yaran ba. Kwas ɗin da aka ba su suka karanta, iyaye sun sayar da amfanin gona sun biya. Laifin na gwamnati ne, domin ita ce babbar mai ɗaukar aiki, amma ba ta faɗa wa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Kwalejin Aikin Gona ta Wurno ƙwararrun da take so, in kuma gurbi ya samu, sai a tambayi ɗan wane ne.

Da ba haka ake yi ba. Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, ya gama Kwalejin Katsina a 1931, ya wuce kai tsaye koyarwa a Midil ta Sakkwato, don aikin da aka horar da shi dominsa yana nan yana jiransa.

Shugabannin ƙananan hukumomin Wurno, Rabah da Goronyo, ku ƙidaya guraben da ba kowa, ku ɗauki nauyin karatun 'ya'yanku a waɗannan fannoni, da sharaɗin su dawo gida su yi aiki.