Karatun sakatare da kwamfuta: me uwaye ke saye da kuɗɗinsu?

Da watan Oktoba ya kama, lokacin komawa lakwal, sai ka ga allunan talla sun cika bakin hanya a Maraɗi da Damagaram da Tawa, balle Yamai: a zo a koyi sakatare, a zo a koyi kwamfuta, wata uku, wata shida, shekara biyu. Mu ma a gidajen rediyo muna karanta sanarwar safe da yamma. Kuma mun san masu biyan kuɗɗin. Galibi ba manyan ma'aikata ba ne. Hajiya ce mai sayar da atamfa, ko mai tuyar ƙosai da ta kwashi adashe, ko Alhaji mai awon hatsi da yarinyarsa ta faɗi birbe sau biyu, ko yaronsa ya samu bak amma yana zaune gida. Buri ɗaya ne: yaro ya samu biro, ya zauna cikin inuwa, ya ɗauki albashi ƙarshen wata.

Burin ba laifi ba ne. Sai dai duk mai kasuwa ya san ba a sayen buhu ba a zura hannu ciki ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu buɗe wannan buhun tare da ku.

Da farko, me ake koyarwa? Mutane da yawa sun ɗauka taɓa kwamfuta ne kawai, wadda mu nan muka fi sani da odinatar. Alhali aikin sakatare ya girmi kwamfuta. Tun zamanin keken rubutu ake koyon buga rubutu da yatsu goma ba tare da kallon hannu ba, da tsara wasiƙar ma'aikata yadda doka ta san ta: kwanan wata, lamba, abin da wasiƙar ta ƙunsa, gaisuwar rufewa da ta dace da matsayin wanda aka aika wa. Akwai rajistar takardun da suka shigo da waɗanda suka fita, akwai jera dosiye ta yadda za a nemo takardar bara cikin minti biyu, akwai rubuta abin da aka tsaida a taro, da amsa waya, da tarbar baƙi. Kwamfuta ta zo ta hau kan wannan ne. Word na rubutu, Excel na lissafi, sai aika saƙo ta intanet, a wasu makarantun kuma a ƙara da ɗan ilimin riƙe littafin kuɗɗi.

Ginshiƙin duka kuwa faransanci ne, kuma nan ne ake yawan ɓoye wa uwaye gaskiya. Ƙa'idojin sake gina ƙasa da aka fitar a watan Maris na 2025 sun ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, sun bar faransanci da ingilishi a matsayin harsunan aiki. Mun yi murna. Amma wasiƙar da za a kai ma'aikatar haraji, ko duwan, ko banki, da faransanci ake karɓarta. Yarinyar da ba ta iya haɗa jimla biyar ba kuskure, ko ta shekara tana buga kwamfuta, abin da za ta fitar kuskure ne da aka buga da kyakkyawan rubutu. Na'urar tana ja wa kalma jan layi idan harafi ya ɓace, ba ta gyara ma'anar da ta karkace. Makarantar kirki takan gwada faransancin yaro kafin ta karɓi kuɗɗi. Wadda ta karɓe shi ba tambaya, ku yi mata tambaya ku.

Sai maganar takarda. Duk abin da aka buga wa hatimi mu kan ce difilom, amma ba ɗaya suke ba. Wadda ake bayarwa bayan wata uku ko shida a cibiya mai zaman kanta shaida ce kawai cewa yaro ya halarci horo. Tana da amfaninta, amma ba ta maye gurbin takardun da gwamnati ke shirya jarabawarsu: CAP da BEP ga waɗanda suka tsaya wajen birbe, bak na fannin fasaha, da BTS na gwamnati wanda ake zaunawa bayan shekara biyu da bak. Akwai kuma DUT na cibiyoyin fasaha na jami'a. Waɗannan cibiyoyi an buɗe su a Maraɗi da Tawa da Damagaram a 2008, kafin garuruwan uku su samu jami'o'insu a 2010, kuma ta Damagaram tana da sashen horar da mataimakan shugabannin ma'aikatu, wato sakatare mai zurfi. Ranar da aka buɗe kwankur na ɗaukar ma'aikata, sanarwa takan faɗi takardar da ake so da sunanta. A ranar ne uwa ke gane cewa abin da ta biya ba ya cikin jerin. Saboda haka kafin a ba da ko dala, a nemi ganin takardar izinin buɗe makarantar daga minista, a kuma tambaya: wace jarabawar gwamnati ɗalibanku ke zaunawa, nawa suka zauna bara, nawa suka ci? Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Abu na gaba sai an taka da ƙafa an gani. Ku shiga ajin, ku ƙirga kujeru, ku ƙirga kwamfutocin da ke kunne, ba waɗanda aka jera don ado ba. A ce yara 40, na'ura 10, darasi awa biyu: kowane yaro rabin awa ya samu, in ba a ɗauke wuta ba. In kuwa an ɗauke, kuma babu inji babu na'urar hasken rana, sai malam ya koma allo yana zana wa yara hoton abin da ya kamata su taɓa. Mun ga abin da ya faru daga watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa ƙasarmu, aka yi watanni ana rabon wuta unguwa-unguwa. Hannu ba ya koyon bugu daga allo, kamar yadda ba a koyon ɗinki da kallon tela.

Wani ɗan ƙaramin abu da ke ba sababbin ɗalibai wahala: jerin haruffa. A biro-biro namu ana aiki da jerin Faransa ne, wanda layinsa na sama ya fara da A, Z, E, R, T, Y. Kwamfutocin hannu da ƴan uwanmu ke sayowa daga Kano kuwa jerin Ingila ne da su, Q, W, E, R, T, Y, kuma ba su da haruffan faransanci masu alama a ka. Uba ya sayo wa yarinya irin wannan don ta riƙa gwaji a gida, sai yatsunta su saba da wani abu, a makaranta ta tarar da wani. Ana iya canza tsarin daga ciki, amma a sani tun wajen saye. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, babu su a kan ko wanne, sai an saka su musamman, kuma makarantu kaɗan ne ke damuwa su nuna wa yara yadda ake yi.

To, an gama karatu, sai ina? Nan ne zuciya ke sosuwa. Gwamnati ba ta ɗaukar sakatarori kowace shekara, in ta ɗauka ma masu nema sun ninka guraben. Ƙungiyoyin agaji suna son wanda ya taɓa aiki. Abin da ya rage shi ne istaj: yarinya ta yi wata shida, ta yi shekara, tana zuwa biro ba albashi, uwa ce ke ba ta kuɗɗin kabu-kabu da na kalaci. Wasu suna samun shiga gidajen aika kuɗɗi irin su Nita da Al Izza da Amana, ko kantin magani, ko makarantu masu zaman kansu, ko su buɗe ɗan shagon buga takardu kusa da ma'aikatar magajin gari, inda a da masu rubuta wasiƙa da hannu ke zama. Wanda zai karɓi aiki ya sani cewa mafi ƙanƙantar albashi da doka ta yarda da shi ya tashi daga tamma 30.047 zuwa 42.000 tun watan Janairu na 2024. Ko bugun takardar ma kasuwarsa na raguwa, tunda shugabanni da yawa yanzu da kansu suke rubuta saƙonninsu a wayar hannu.

Abin da ke ba mu mamaki shi ne, uban da ke yawo da dosiyen ɗansa daga biro zuwa biro yana roƙon alfarma, shi kansa yana biyan wani a waje ya yi masa aikin da ɗan ya koya. Kasuwa ta canza. Duk mai son ya sayar wa makaranta, ko asibiti, ko wata ƙungiya, sai ya kawo lambar haraji ta NIF, da rajistar kasuwanci, da takardar farashi a buge, ba a rubuce a bayan kwalin sukari ba. Tun 2021 ma'aikatar haraji ta shigo da fakitir mai shaida, wanda na'ura ke fitarwa da lambar da za a iya bincikawa, kuma harajin TVA kashi 19 cikin ɗari ne, sai an san yadda ake fitar da shi daga farashi. A duwan da kwamfuta ake shigar da bayanin kaya, ta tsarin da ake kira Sydonia. Alhazai nawa ne kwangila ta wuce su, ba don ba su da kaya ko jari ba, sai don takarda ɗaya ba ta cika ba?

Ku duba lissafi ma. Mu a kasuwa da dala muke magana. In Hajiya ta ce ɗari, tamma 500 take nufi. In ta ce jika, tamma 1.000. Takarda kuwa tamma take so. Wanda ya tashi a rumfa ya kuma koyi Excel, shi ne ba zai rikita biyun ba. Mai sayo atamfa a Kantin Kwari ta Kano ta biya da naira, ta biya mota, ta biya duwan a Ɗan Isa, ta zo Maraɗi ta sayar da sefa. Tun da darajar naira ta zube a 2023 canji bai tsaya wuri ɗaya ba. In an jera kuɗɗin saye da na mota da na duwan da na dako a cikin jadawali ɗaya, lamba ɗaya kawai za a canza, ta canjin ranar, nan take farashin kowane turmi ya fito. Haka mai albasar Galmi, haka mai aya da wake da riɗi. Mutanenmu gwanaye ne wajen lissafin ka, ba mu musa ba. Amma kai ba ya riƙe bashin mutum tamanin na wata shida, kuma ranar da mai kan ya kwanta ciwo ko ya rasu, sai magada su tarar da ƙaramin littafi da ba mai gane alamominsa. Wuta ma ba ta barin littafi: babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ƙaramar kasuwa a 2012. Lissafin da aka ajiye kwafinsa wani wuri shi ke tsira.

Mata kuwa sun riga kowa sanin darajar tsari. A jihar Maraɗi aka fara Mata Masu Dubara a 1991, da akwati mai kwaɗo da zubi na mako-mako, yanzu tsarin ya bazu ƙasashe da yawa. Ƙungiyar da ta girma har tana son buɗe asusu a banki ko neman tallafi, za a tambaye ta dokokinta a rubuce, da sunayen membobi, da bayanin taro. Wannan aikin sakatare ne tsantsa, kuma ɗiyar ɗaya daga cikinsu za ta iya.

Mun san abin da ke hana wasu. Ɗan kasuwa ba ya son a san ƙarfinsa. Wani yana tsoron in ya rubuta komai masu haraji za su gani, wani ba ya son ɗan cikinsa ya san abin da ke cikin mangaza, wani kuma gani yake in yaro ya yi boko ya dawo rumfa, mutane za su ce karatun bai yi albarka ba. Na farkon muna ganin akasin haka ne ya fi faruwa: wanda ba shi da rubutu, abin da aka yanka masa shi zai biya, ba shi da hujjar gardama. Na biyun magana ce ta cikin gida, ba mu shiga. Na ukun kuwa yaran ma suna da nasu laifi, don akwai wanda ya gwammace ya yi shekara biyu yana istaj kyauta da ya zauna shagon ubansa da kwamfuta a gaba.

Makarantun ma ba mu wanke su ba. Misalan da ake ba yara a aji galibi na kamfanonin da ke cikin littattafan waje ne, masu ma'aikata ɗari da sassa goma. Da wuya ka ji malam ya ce kowa ya kawo lissafin rumfar uwarsa a jera shi. Da ana haka, da tun wata na uku uwaye sun fara ganin abin da suka saya. Amma ba sai kun jira malam ba. Idan yarinya ta yi wata uku tana zuwa, ku miƙa mata littafin bashi na rumfa, ku ce ta jera sunaye, da ranar da kowa ya ɗauka, da abin da ya biya, da abin da ya rage, ta bugo muku a takarda ɗaya. Ko wayar hannu ta zamani tana iya wannan jadawali in babu kwamfuta a gida. In ta kawo shi daidai da abin da ke kanku, ku biya kuɗɗin zango na biyu. In ta kasa, ku ɗauki littafin ku tafi da ita wurin daraktan makarantar.