Nostradamus da Masu Neman Labarin Gobe

Shirinmu na yau zai kai mu ƙasar Faransa, wajen wani mutum da ya rasu tun shekarar 1566, amma har yanzu da zarar yaƙi ya ɓarke ko annoba ta sauka, sai ka ga sunansa yana yawo a Facebook da WhatsApp, ana cewa ai shi ya faɗa tun tuni. Sunansa Nostradamus.

An haife shi a 1503 a kudancin Faransa. Mai haɗa magunguna ne, daga baya ya koma duban taurari. A 1555 ya fara fitar da littafinsa na hasashe, wanda ya ƙunshi baitoci sama da 900, kowanne mai layi huɗu. Ya cakuɗa Faransanci da Latin da Girkanci, kuma akasarin baitocin babu shekara, babu sunan mutum ƙarara. Daga zakuna sai wuta, sai jini, sai birane masu rushewa.

Baitin da aka fi kafa hujja da shi yana magana ne a kan wani ƙaramin zaki da zai rinjayi babba, ya tsone masa ido. A 1559 Sarkin Faransa Henry na Biyu ya shiga wasan dawakai da masu, sai tsinken mashin abokin karawarsa ya shige masa ido, ya yi jinyar kwana goma ya cika. Wanda ya ji haka zai ce magana ta ƙare. To amma a lura, ba a ga an haɗa baitin da mutuwar sarkin a cikin wani bugaggen littafi ba sai a 1614, bayan shekara 55. Haka batun Hitler, da ake cewa Nostradamus ya ambace shi a wani baiti. Kalmar da ke cikin baitin ita ce Hister, tsohon sunan da Romawa ke kiran ƙasan kogin Danube. Sai da Hitler ya bayyana sannan kogi ya zama mutum.

Akwai kuwa wurin da Nostradamus ya yi ƙarfin hali ya ambaci lokaci. Ya ce a wata na bakwai na shekarar 1999 wani sarkin firgici zai sauko daga sama. Mutane da yawa sun tsorata. Watan Yuli ya zo ya wuce, kowa ya ci gaba da harkarsa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wanda ya faru bayan harin 11 ga Satumba, 2001 a Amurka. Wani baiti ya bazu a intanet, an ce Nostradamus ya rubuta shi a 1654, yana maganar 'yan'uwa biyu da za su tarwatse. A 1654 mutumin ya shekara 88 a kabari! Ashe wani ɗalibi ne a Kanada ya ƙirƙiri baitin 'yan shekaru kafin harin, don ya nuna yadda magana mai harshen damo ke dacewa da kowane irin bala'i. Sai ga shi an ɗauki misalinsa an mayar da shi hujja.

Me ya sa muke faɗawa wannan tarko? A 1948 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya raba wa ɗalibansa 39 takardu, ya ce kowa bayanin halinsa ne shi kaɗai. A ciki akwai irin su: kana son mutane su ƙaunace ka, wani lokaci kana shakkar shawarar da ka yanke. Ya ce su ba da maki daga sifili zuwa biyar. Matsakaicin makin ya haura huɗu. Sannan ya shaida musu cewa takarda iri ɗaya ya ba kowa, kuma daga wani littafin taurari na kasuwa ya tsinto yawancin kalaman. Babbar riga ce, kowa ya saka sai ta shige shi.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mai duba ya shimfiɗa yashi, ya zana, ya yi shiru, sannan ya ɗago kai ya ce, "Ina ganin tafiya a gabanka, kuma akwai wani na kusa da kai da ba ya son ci gabanka." Wa ke da rai bai da tafiya a gabansa? Mai duba bai ambaci suna ba, kai ne za ka koma gida kana lissafi, ka ɗora wa kishiya ko ɗan'uwa ko maƙwabci. Zumunci da yawa ta nan ya lalace, aure da yawa ta nan ya mutu, ga kuɗin da aka zubar. In zaɓe ya matso kuma, masu hasashe su yi ta fitowa. Wanda ya dace ya yi ta bugun ƙirji, waɗanda suka kuskure ba mai sake tuna su. Alhali tun muna yara malamanmu suke koya mana cewa gaibu Allah kaɗai ya bar wa kansa sani.

Don haka, mai sauraro, in an turo maka irin wannan saƙo, kafin ka tura wa wani, ka tambaya: yaushe aka rubuta shi, wa ya gan shi kafin abin ya faru, kuma ya ambaci suna da wuri da rana? In babu amsa, don Allah ka bar shi ya tsaya a wayarka.